Neman shawara: koya wa ɗalibai manya kare kai da ladubban mu'amala a intanet

Mai tambaya, malamar ajin manya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da Turanci a ajin yamma, ɗalibai 24, galibi 'yan kasuwa da matan aure daga shekara 30 zuwa 60. Muna haɗuwa sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi. Rabinsu ke da babbar waya, saura ƙanana ne masu maɓalli. An nemi in shigar da darasin kare kai da ladubban mu'amala a intanet. Abin da nake samu ko dai na yara ne, ko Turancinsa ya fi ƙarfinsu, ga tsadar data. Da me zan fara, kuma yaya zan yi kada karatun Turancin ya tsaya?

Wani malamin Turanci:
Wa'alaikumus salam Malama. Kada ki raba darasin gida biyu. Saƙon 'yan damfara da ke cikin wayoyinsu shi ne abin karantawarku. Ki ce kowa ya kawo saƙo ɗaya da bai yarda da shi ba, ki kwafe a allo, ki share suna da lambar waya. Za ki tarar kalmomin kusan iri ɗaya ne: urgent, verify, blocked, winner, click. Kalma takwas ta isa a zama ɗaya.

Ki ba kalmomi minti 15, karatu bibbiyu minti 25, aiki da waya minti 30. Ragowar minti 20 a yi kwaikwayo: ɗaya ya zama mai kira da sunan banki, ɗayan ya ƙi ba shi lamba da Turanci, ya ce zai je bankin da ƙafarsa. Wannan kwaikwayon ya fi komai amfani, domin babba yakan miƙa lambar ne saboda kunyar katse mai magana, ba don bai da wayo ba.

Be Internet Awesome na Google da darussan Common Sense don 'yan makaranta aka yi su. Dattijo ya ga wasan yara zai ɗauka raini ne, ya daina zuwa. GCFGlobal na da gajerun darussa kyauta na manya kan tsaron intanet. A LearnEnglish na British Council ki tsaya a matakin A1 da A2, wato na masu fara koyo. Bidiyo kuwa kada ya wuce minti biyu, ki rage saurinsa zuwa 0.75 a YouTube.

Wani mai gyaran waya:
Malama, data ke kaɗai za ki kashe. Ki adana shafin a matsayin PDF daga Chrome, ko ki ɗauki hoton fuskar waya, ki tura musu ta Xender ko Bluetooth. Ki haɗa mai babbar waya da mai ƙarama, amma mai wayar ne kawai zai riƙe abinsa, musamman wayoyin mata.

Aikin farko shi ne kulle WhatsApp: Settings, Account, Two-step verification, a saka lambar sirri mai alƙaluma shida. Inda ake rikicewa, lambobi masu alƙaluma shida guda biyu ne. Akwai wadda mutum ya ƙirƙira, akwai wadda WhatsApp ke turowa ta tes idan ana buɗe asusun a wata waya. Ta biyun ce ɓarawo ke nema idan ya kira ya ce za a yi taron guruf a intanet, a karanto masa lambar da ta shigo. Ki nanata cewa duka biyun ba a faɗa wa kowa. A saka imel ma, domin wanda ya manta lambarsa ba shi da imel sai ya jira kwana 7.

Masu ƙananan wayoyi su kulle layinsu da lambar sirri, saboda wanda ya tsinci layin zai iya gwada taɓa kuɗin banki da shi. Amma kada a yi canke a aji. Kuskure sau uku, layin zai nemi PUK, wato lambar buɗe layin da ya kulle. Kuskuren PUK sau goma, layin ya mutu sai an je ofishin kamfani. Kowa ya zo da katin da layinsa ya zo a jiki, PUK na nan rubuce.

Wata ma'aikaciyar banki:
'Yar'uwa, ki yanka kwali ki zana katin ATM na ƙarya. Kada kowa ya fito da katinsa ko ya rubuta lambarsa ta gaske a aji. Su bambance BVN mai alƙaluma 11, lambar sirrin kati mai huɗu, alƙaluma ukun bayan kati, da OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta tes. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri ko OTP, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunansu daidai. 'Yan kasuwar kuma su san alat na bogi: tes ba shaida ba ne, sai sun duba ragowar kuɗinsu a manhajar banki ko ta lambar da ake dannawa kafin su saki kaya.

Wani ɗan jarida:
Duk an yi daidai, sai dai an tsaya a kan kada a cuce su. Su ma suna iya cutar da wasu da abin da suke turawa, kuma wannan ya cancanci rabin zangon. Ki fara da abin da duk suka sani: a Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, wasu suka mutu, wasu aka kwantar a asibiti. Masu turawa da kyakkyawar niyya suka tura.

Ki koya musu tambaya uku, da Hausa sannan da Turanci: wa ya faɗa, yaushe, wa kuma ya ruwaito? Ki nuna musu alamar kibiya biyu a WhatsApp, wadda ke nufin saƙon ya bi hannu da yawa. Ki ɗauko binciken Dubawa ko Africa Check, masu tantance gaskiyar labarai, guda ɗaya, ki rage shi zuwa jimla biyar. Hoto kuwa a saka shi a Google Lens a ga ko tsoho ne ko na wata ƙasa. Tambarin BBC Hausa a jikin hoto ba hujja ba ne, a je shafinsu a duba. Musulman cikinsu sun san aya ta 6 a Suratul Hujurat kan tantance labari, daga nan bayanin zai zo da sauƙi. Ki taɓo ɗora hoton waɗanda suka yi haɗari ko 'ya'yan mutane ba izini, ki kuma sanar da su cewa dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, tana iya kai mutum kotu kan saƙon da ya tura.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. In buɗe mana guruf na aji don aikin gida?

Mai gyaran waya:
A guruf kowa na ganin lambar kowa, kuma ajinki maza da matan aure ne. Ki yi amfani da Broadcast: ke ki tura, kowa ya karɓa shi kaɗai, amsarsa ke kaɗai za ki gani. Sharaɗin shi ne sai sun adana lambarki, in ba haka ba saƙon ba zai shiga ba. In kuma guruf ɗin ya zama dole, ki nemi yardar kowa tukuna, ki raba na maza da na mata, ki saita shi yadda ke kaɗai ke iya tura saƙo.