Zan hau jirgi da kyanwata, dan Allah a ba ni shawara

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu kiwon mage ku taimaka min. Zan koma Turai wajen maigidana kuma gaskiya ba zan iya barin kyanwata ba, tun tana 'yar mitsitsiya take hannuna. Matsalar matsoraciya ce sosai, ko a mota aka saka ta kuka take ta yi har da fitsari, ina ga jirgi na awanni. Wata ta ce min in ba ta maganin barci kawai in huta, haka ake yi? Sannan wadanne takardu ake nema?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki kuskura ki ba ta maganin barci, likitocin dabbobi ma hanawa suke, yana saukar da bugun jini ya rage numfashi, ga shi a sama iskar ba kamar ta kasa ba, in abu ya same ta wa zai duba ta a can? In tsoron ya yi yawa akwai wani magani, gabapentin, da likita kan rubuta don ya kwantar mata da hankali, amma shi zai auna miki, kuma ki gwada a gida kafin ranar.

Amsa ta biyu:
Takardun fa su ne masu cin lokaci, ki fara da su tun yau. Kasashen Tarayyar Turai sai an saka mata maikurocip, dan karamin abu ne kamar kwayar shinkafa ana sa shi karkashin fata, yana dauke da lambobi guda 15, kuma dole shi za a fara sakawa kafin allurar ciwon haukan kare, in aka juya sai an sake allurar. Bayan allura a jira kwana 21. In kuma kasar da za ki taso ba ta cikin jerin wadanda suka amince da su to sai an debi jininta bayan kwana 30 da allurar an gwada, sannan a jira wata 3 daga ranar diban jinin. Kin ga kar ki yanki tikiti kafin ki lissafa wannan.

Mai tambaya:
Innalillahi wata 3! Allah ya sa na tambaya. To jakar da zan saka ta ciki fa, a kusa da ni za ta zauna?

Amsa ta uku:
Ya danganta da kamfanin, irin su Lufthansa da Turkish Airlines suna bari a shiga da ita ciki in ita da jakar ba su wuce kilo 8 ba, karkashin kujerar gabanki za ta zauna, amma sai kin sanar da su tun wuri don dabbobin da suke dauka a kowane jirgi kidayayyu ne. In Ingila ce kuwa ba a shiga da ita a cikin fasinja, sai bangaren kaya. Jakar ta zama wadda kyanwar za ta iya mikewa ta juya a ciki. Ki saya tun yanzu ki ajiye a bude a falo, ki shimfida tsohuwar rigarki ciki, ki dinga sa mata abinci a bakin jakar, a hankali ki tura kwanon can ciki, wata rana za ki tarar ta shige tana barci da kanta, daga nan sai ki fara zugewa kina dan zagayawa da ita a mota.

Amsa ta hudu:
Hajiya abin da mutane ke mantawa wajen binciken tsaro na filin jirgi ne. Za su ce ki fito da ita ki rike a hannu jakar ta bi ta na'ura, ga hayaniya ga mutane, mage mai tsoro in ta kubce a filin jirgi kamo ta aiki ne. Ki saba mata da igiyar nan da ake daurawa a kirji, ko ki roki su kai ku daki a rufe kofa. Abinci ki tsayar kamar awa 4 zuwa 6 kafin tashi saboda amai, ruwa dai ki ba ta, ki shimfida audugar tsotse fitsari a kasan jakar ki rike wasu a jakar hannunki don canji.