Littafi mai zane a matsayin kyautar Kirsimeti: abin da aka tsayar

Da Kirsimeti ta gabato, wasu iyaye da malamai sun tattauna kan littafin da ya dace a ba yaro kyauta. Yawancinsu sun karkata ga tsofaffin labaran biki masu zane, musamman labarin wani attajiri marowaci, Scrooge, mai taken A Christmas Carol, wanda Charles Dickens ya fitar a Landan cikin Disambar 1843, da zanen John Leech.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a buɗe littafi a duba kafin a biya kuɗi, kada kyan bango ya ruɗi mutum. A tantance ko cikakken labari ne ko taƙaitacce. Ƙaramin yaro taƙaitaccen ya fi masa, domin Turancin Dickens yana da nauyi, kuma hoton fatalwar Marley, marigayi abokin kasuwancin Scrooge, tana jan sarƙoƙi na iya hana shi barci. Wanda ya tasa kuwa a nemo masa cikakke, irin bugun da Arthur Rackham ya yi wa zane a 1915.

Wata malama ta ce a buɗe tsakiyar littafin a ga ko akwai zaren ɗinki, don wanda aka manna da gam bai cika jure hannun yara ba.

An ɗan yi saɓani kan tsada. Wasu sun fi son bugu na alfarma, amma ni ina tare da waɗanda suka ce irinsa a kabad yake ƙarewa, ana hana yaron taɓawa. Gara matsakaici, a rubuta sunansa da shekarar a shafin farko, a zauna a karanta masa.