Wane irin dutse ne wannan na tsinta a gona?

Manomin Rano:
Assalamu alaikum. Ina sharar gona, ina tsintar tsofaffin katangar tukwane, sai na ci karo da wani baƙin dunƙule mai nauyi, mai ƙananan ramuka, wanda maganaɗisu yake ɗan kamawa. Shin dutsen da ya faɗo daga sama ne?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ramukan nan su ne suka sa nake ganin kashin maƙera ne, wato ragowar da take fita idan an narka tama, domin iskar da ta maƙale cikin narkakken abu ce take barin su. Ƙasar Kano ta daɗe da wannan sana'a, har a gindin Dutsen Dala. Dutsen sama kuwa yawanci ba shi da ramuka a ciki, kuma yana da siririn ɓawo baƙi, kamar wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962.

Hajiya:
Ɗana, idan santsi gare shi kuma yana da baki kamar na gatari, gatarin aradu ne, makamin mutanen dā. Kada ka fasa shi. Ka kai Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, a duba.