Musayar gogewa: yadda muke bibiyar aikin sababbin ma'aikatan jin daɗin jama'a a jihar Tahoua

Shugabar sashe, birnin Tahoua:

Assalamu alaikum, ƴan uwa abokan aiki. An turo mini matasa biyu da suka gama karatun asistan sosiyal, wato aikin jin daɗin jama'a, a makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta ƙasa, ENSP Damouré Zika ta Yamai, ɗaya tana bautar ƙasa ta shekara 2, ɗayan kuma yana shekararsa ta gwaji kafin a tabbatar da shi a aikin gwamnati, kuma ni ce zan sa hannu a takardar makinsu. Takardar da ke gabana tana tambayar zuwa aiki a kan lokaci, da ladabi, da yawan dosiyen da aka kammala, wato fayil ɗin mutanen da ake kula da lamarinsu, amma babu inda ta tambayi abin da ya fi damuna. A makon jiya saurayin ya rubuta rahoton bincike da za a kai wa alƙalin yara game da wani yaro ɗan shekara 12 da aka kama da sata a kasuwa, sai na ga ya rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba. Da na tambaye shi abin da ya gani da idonsa, sai ya ce ya je sau ɗaya bai same ta ba, maƙwabciya ce ta ba shi labari. Ashe matar tana wanke-wanke a gidajen mutane tun da mijinta ya tafi cirani Libiya. Dokar 2014 ta kotunan yara ta ce wanda bai kai shekara 13 ba ba a hukunta shi, matakin kariya ake ɗaukar masa, don haka wannan jimla guda tana iya sa a raba yaron da uwarsa. Ina son in ji yadda kuke yi da naku.

Tsohon ma'aikaci, Birnin Konni:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni dai ban taɓa ba sabon ma'aikaci maki ba sai na bi shi gidajen mutane, na zauna gefe na yi shiru kamar baƙo. A nan nake ganin ko ya fara biyawa wajen mai gari ko mai unguwa kafin ya doshi gidan, ko ya san cewa namiji a zaure yake tsayawa sai an yi masa iso, ko kuma ya fito da biro da takarda tun ba a gama gaisuwa ba, abin da ke sa mutanen ƙauye su ɗauka jandarma ne ya zo cikin farin kaya. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari da na bi zuwa wani gida da ake zargin an ajiye wahaya, wato matar da ake sayowa a ƙara a kan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ba. Ta san doka sarai: ta san an mayar da bauta laifi a Nijar tun 2003, ta san hukuncin da kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke a 2008 a kan ƙarar Hadijatou Mani, matar da aka sayar a matsayin wahaya a wannan yankin namu. Sai dai ta yi wa matar tambayoyi a gaban uwargida, matar kuwa ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau take zaune. Ban katse ta ba a wurin, domin muzanta ma'aikaci a gaban jama'a yana zubar masa da girma har abada a garin. A hanyar komawa na tambaye ta wa ke tsakar gida sa'ad da take tambayar, nan take ta gane da kanta. Mun yi wata guda kafin muka samu ganin matar ita kaɗai, a bakin rijiya.

Game da rahoto kuwa, Hajiya, ina sa su raba shafi gida uku: abin da na gani, abin da aka faɗa mini da wanda ya faɗa, sai abin da nake tsammani. Wanda kashinsa na uku ya fi na farko tsawo, komawa yake yi.

Sabuwar ma'aikaciya, Abalak:

Iyayena a aiki, ku gafarce ni in sa baki, domin ni ce irin wadda ake magana a kanta. Wata 7 ke nan da fara aikina, kuma shugabana bai taɓa karanta rahotona a gabana ba, sai dai in same shi a kan tebur da jan biro ko da sa hannu. A nan mutane da yawa Tamashek ko Fulatanci suke ji, ni kuwa Hausa da Faransanci na iya, sai na dogara da tafinta wanda sau da yawa ɗan uwan mai gidan ne, kuma ban san abin da yake ragewa ba. Ina jin nauyin faɗin haka, don kada a rubuta cewa ban iya aiki ba. Da za a ware mini ko da rabin awa a mako, a ce wannan lokacin na tambaya ne kuma ba ya shiga cikin maki, da na faɗi abubuwa da yawa.

Mai kula da kare yara, Madaoua:

Ƙanwata, maganarki gaskiya ce, kuma laifinmu ne. Amma Malam, hanyarka tana buƙatar abin da ba kowa ke da shi ba: ni kaɗai ce babba a wurinmu, babur ɗinmu ɗaya ne, man ma sai an yi dabara. Dole ta sa nake bibiyar nawa ta waya, kuma a nan na ci karo da matsalar da ban zata ba, wato sirri. Wani ya turo hoton wata ƴar makaranta da ake shirin aurarwa, da sunanta da na ƙauyensu, a zauren WhatsApp da muke da mutum fiye da goma a ciki, yana neman shawara. Niyyarsa mai kyau ce, tambayarsa ma mai ma'ana ce, domin dokar farar hula ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure ga mace, alhali dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2017 tana kare karatun ƴaƴa mata, iyaye kuma al'ada suke bi. Amma tun ranar na hana sunan kowa shiga waya, lambar dosiye kaɗai ake rubutawa. A wurina wanda ya tona asirin iyali ya faɗi, ko da dosiye nawa ya kammala.

Shugabar sashe, birnin Tahoua:

Na gode muku duka. Malam, na ɗauki rabon shafi gida uku, zan fara da rahoton yaron nan, wanda ban aika wa alƙali ba tukuna. Ɗiyata ta Abalak, ki nemi ungozoma ko malamar makaranta mai jin Tamashek wadda ba dangin gidan ba ce ta yi miki tafinta, kuma ki rubuta a rahoton cewa ta bakin tafinta aka yi hirar. Nawa biyun na ba su safiyar kowace Alhamis, ba tare da takardar maki a kan tebur ba. Gobe in Allah ya kai mu zan bi saurayin gidan matar bayan sallar magariba, lokacin da take dawowa daga aiki, shi zai yi magana, ni kuma zan zauna gefe.