Wane suna za mu sa wa 'yan resilin masu zuwa talabijin neman a ɗauke su?

Salamu alaikum jama'a, masu Hausa a baki ku matso kusa dan Allah. Tun shekaranjiya nake fama da wasu kalmomi guda uku, dalili kuwa ƙanin babanmu ne ya same ni ina kallon wani tsohon shirin resilin a waya ya ce ɗana waɗannan me suke yi haka, alƙalai uku a tsaye ga yaro yana ta zufa kamar zai yi kuka, na buɗe baki zan yi masa bayani sai na ji rabin maganar duk Turanci ce. Abin ya dame ni sosai. Mutumin da ya san kokawa tun kafin a haife ni amma na kasa faɗa masa abin da ke gabansa da harshenmu.

Bari in fara faɗin shirin don mu san a kan me ake magana. Sunansa Gut Check, na kamfanin TNA ne a Amurka, sun fara saka shi cikin shirinsu na mako mako a 2012. Za su ɗauko ɗan wasan da ba shi da kwantiragi da kowane babban kamfani, irin masu yawo gari gari suna wasa a ƙananan zauruka, su haɗa shi da ɗaya daga cikin nasu a gaban kyamara, sai mako mai zuwa a tsayar da shi gaban alƙalai uku, da farko Al Snow da Bruce Prichard da Ric Flair, daga baya Taz ya maye gurbin Flair. In biyu suka ce e ya samu aiki, in ba haka ba ya koma inda ya fito, duniya na kallo.

To kalmomin da nake nema su ne sunan wasan kansa, da sunan irin wannan ɗan wasa da suke kira indi, da sunan shi wannan gwajin da ake yi masa.

Na farko dai na san wasu za su ce ai resilin ya riga ya zauna a baki, yara a gidan kallo haka suke cewa, kuma ni ma ba na faɗa da shi, mota da tebur da bokiti duk baƙi ne suka zauna. Amma ka ce wa dattijo resilin ba ka gaya masa komai ba. Kokawar Turawa kuma ba ta yi ba tunda Japan da Meziko suna da tasu mai ƙarfi da tarihi, ga kuma 'yan Najeriya a ciki, Omos ɗan Legas ne, Oba Femi ma haka, Apollo Crews mahaifinsa ɗan Binuwai ne, kafin su duka ga Power Mike da iyayenmu suke ba da labari. Kokawar zamani ita ma akwai matsala saboda da ita ake kiran wadda ake yi a gasar Olamfik, kuma wannan ta gaske ce ba a shirya wanda zai ci.

Wani ɗan'uwa ya rubuto min cewa, malam kar ka wahalar da kanka, kokawar ƙarya kawai za ka ce an wuce wurin. Ɗan'uwa na gode amma wallahi ban yarda ba. Gaskiya ne ana tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau, su kansu ba su ɓoye ba, tun 1989 babban kamfanin resilin na Amurka WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya amsa a gaban majalisar jihar New Jersey cewa abin nishaɗi ne. Amma faɗuwar ba ƙarya ba ce. Mick Foley a Jamus a 1994 igiyar fili ta cire masa kunne, Triple H a 2001 naman cinyarsa ya yage kuma ya daure ya ƙarasa wasan, Droz a 1999 faɗuwa ɗaya ya yi bai sake tafiya da ƙafarsa ba. In ka ce ƙarya ka ci haƙƙin waɗannan mutanen. Ɗan fim ɗin da ya yi kuka a gaban kyamara ba ma ce masa maƙaryaci, cewa muke ya iya.

Abin da ya fi kwanta min shi ne kokawar dandamali. Dandamali dai mun san shi, wurin da aka ɗaga ake hawa a nuna wa jama'a abu, 'yan wasan kwaikwayo a kai suke, kuma filin resilin shi ma ɗagagge ne da igiyoyi kewaye. Da ka faɗa mai sauraro ya ji abu biyu lokaci guda, akwai kokawa kuma akwai nuni. Ta bambanta kenan da kokawar fage irin tamu ta ƙasa da rairayi.

Wani yayanmu daga Maraɗi ya ce, ƙanena ni dai kar ku haɗa mana sunan kokowa da wannan abu, mu a nan in gwiwarka ta taɓa ƙasa an kada ka shi kenan, ba wanda ke rubuta wa zakaranmu Issaka Issaka cewa shi zai ɗauki takobi. Yaya maganarka dutse, kuma shi ya sa ma nake son a liƙa mata dandamali ɗin kar a bar ta tsirara. Gasar takobi ta Nijar tun 1975 ake yinta kuma duk wanda ya ɗaga takobin nan da ƙarfinsa ya ɗaga, ba mai haɗa su. Sai dai riƙon da ɗaukar da kayarwar duk daga kokawa aka aro su, ba mu da wata kalma da ta fi kusa, in muka ce dambe mun fi yin nisa.

Ta biyun ce ta fi ba ni wuya. Indi ɗin nan daga indifenda aka gutsuro, wadda muka sani a siyasa, ɗan takarar da ba shi da jam'iyya. Masu fassarar labarai nan take za su ce ɗan kokawa mai zaman kansa. Daidai ne a nahawu amma ku saurari yadda take sauka a kunne, makaranta mai zaman kanta, asibiti mai zaman kansa, lauya mai zaman kansa, duk akwai ƙamshin rufin asiri a ciki, mutum ne da ya kafu. Shi kuwa wannan bawan Allah ba zaune yake ba sam, ranar Juma'a yana wannan gari Asabar yana wancan, su cika mota su huɗu su biyar su raba kuɗin mai, su yi wasa a zauren motsa jiki na makaranta gaban mutanen da wani lokaci ba su kai ɗari ba, bayan an tashi ya tsaya a tebur yana sayar da riguna masu hotonsa domin sau da yawa kuɗin rigar ya fi na wasan, in ya karye shi zai yi jinyar kansa, Litinin kuma ya koma wurin aikin da yake ci da shi. Sannan akwai wani ruɗanin, a takarda hatta manyan 'yan wasan WWE ba a rubuta su a matsayin ma'aikata ba, 'yan kwangila masu zaman kansu ake kiransu a doka, alhali ba su isa su je wani kamfani su yi wasa ba sai da izini. Ka ga kalmar ta hau kan mutum biyu da rayuwarsu ba ta yi kama ba ko kaɗan.

An kawo min ɗan haya, na ce a'a wannan ta yi kama da sojan haya, akwai zargi a cikinta. An kawo ɗan tasha, wannan kam zagi ne. Wata baiwar Allah ta ce mai cin gashin kansa, hajiya wannan ta fi mai zaman kansa nesa ba kusa ba domin ta nuna ba shi da ubangida, abin da ya gasa shi zai ci, kuma in a rediyo ne ko jarida ita zan zaɓa.

Amma a bakin hira ni ɗan ci-rani nake so. Ku duba yadda ta zauna, mutum ya bar gida da jakarsa ya tafi inda ake biya, ba albashi ba tabbas, yana tara abin da ya samu yana fatan wata rana ya dace. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, 'yan damben da haka suke, bayan kaka an kai amfanin gona gida sai su bi garuruwa da makaɗansu duk inda aka buɗe fage. Wani ya ce ai ci-rani na da lokaci, damina ta faɗi a koma gona, su kuwa waɗannan shekara suke zagayowa. Haka ne malam, sai dai kalmar ta daɗe da wuce rani, yau wanda ya shekara goma a Libiya ko Saudiyya ɗan ci-rani ake ce masa a labarai kullum. Kuma ba raini a ciki, Bryan Danielson da CM Punk da AJ Styles duk sai da suka ci wannan ranin shekaru kafin duniya ta san su.

Saura ta ukun, kuma a nan ne nake roƙon kar mu yi kuskure. Kowa gasa yake cewa. Ba gasa ba ce. A gasa wanda ya kayar shi ke ɗaukar kyauta, a nan kuwa Alex Silva, wanda aka fara gwadawa a Gut Check a watan Afrilun 2012, kayar da shi Robbie E ya yi, da ya tsaya gaban alƙalai Flair ya fara cewa a'a, aka miƙa masa makirufo ya yi magana daga zuciyarsa sai Flair ya janye ya ce e, ya samu kwantiragi. Taeler Hendrix ta sha kaye a hannun Tara aka ɗauke ta. Christian York ya sha kaye a hannun Zema Ion aka ɗauke shi. Abin da alƙalan ke kallo daban ne, shin ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba, ya iya ɗaga abokin wasansa ya ajiye shi lafiya, in an buge shi fuskarsa na sa 'yan kallo su ji zafin, in an ba shi minti ɗaya ya yi magana mutane za su yi shiru ko za su tashi sayen ruwa.

Labarin da ya fi nuna wannan na wani shirin ne, Tough Enough na WWE wanda aka fara a 2001, duk da shi yawanci sababbin shiga yake ɗauka. A 2004 aka sa Daniel Puder ya gwada da Kurt Angle, mai lambar zinare ta Olamfik ta 1996, sai Puder da yake ya san faɗan gaske ya murɗe masa hannu da gaske har alƙalin wasa ya yi sauri ya ƙirga uku ya ba Angle nasara don a rabu. Puder ne ya ci shirin na shekarar, amma kafin 2005 ta ƙare an sallame shi. Wanda ya zo na biyu, The Miz, shi ne ya riƙe kambun WWE har ya kare shi a babban wasan WrestleMania na 2011 gaban John Cena. Haka Brian Cage, an gwada shi a Gut Check a farkon 2013 ba a ɗauke shi ba, a 2019 ya zama zakaran wannan kamfanin dai da ya mayar da shi gida.

'Yan ƙwallo suna cewa tirayal, za ni tirayal Kaduna, kuma ma'anar ta yi kusa ƙwarai, sai dai wanda ba ya harkar ƙwallo ba zai gane ba. Tantancewa ta fi kama da ta ofis, a duba takardu a duba shekaru, irin ta maniyyata ko 'yan takara. Neman gurbi kuma mun riga mun ba wasannin share fage inda sai ka ci za ka wuce, ta dawo da mu kan gasa. Wani dattijo ya ce zaɓen gwani, baba na so wannan har raina don daɗinta a baki, abin da ya hana ni shi ne ba kullum gwani ake zaɓa ba, wanda kamfani ke ganin zai sayu ake ɗauka.

Saboda haka ni na tsaya a kan gwajin ɗauka. Gajeriya ce, ta faɗi abin da ake yi da dalilin yinsa, kuma za ta yi aiki a wajen mawaƙa da 'yan fim da 'yan ƙwallo ma. Jiya da daddare na koma wurin ƙanin baban namu na ce baba, 'yan ci-ranin kokawar dandamali ne suka zo gwajin ɗauka a talabijin. Ya ɗan yi shiru ya ce to shi wancan yaron da aka kayar an ɗauke shi kuwa, na ce an ɗauka, ya ce a mayar masa da wurin da yake magana ya sake gani.