Gulutamet da cutar ALS: ina matsalar EAAT2 take?

Ɗalibar_Likitanci:
Assalamu alaikum malamai. A taimaka a warware mini wani abu. An ce gulutamet shi ne babban sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, sannan kuma an ce shi ne ke kashe jijiyoyin motsi a cutar ALS, wadda ke shanye tsokoki sannu a hankali. Ta yaya haka? Idan kuma ƙarancin EAAT2, furotin da ke kwashe gulutamet, ne matsalar, me ya hana a ba majinyaci maganin da zai ƙara shi? Sannan farin magi da ake zuba wa miya, shi ma gulutamet ne, yana da hannu a ciki?

Mai_Nazarin_Laka:
Wa alaikumussalam 'yar uwa. Gulutamet ba guba ba ne, daɗewarsa a wajen ƙwaya ita ce gubar. Idan jijiya ta sake shi a mahaɗarta da wata, dole a kwashe shi nan take. Babu wani sinadari a wurin da ke narkar da shi, sai dai a ɗauke. Furotin biyar ke wannan aiki, EAAT1 zuwa EAAT5. EAAT4 ya fi yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, EAAT5 a bayan ido. Amma mai ɗaukar nauyin gidan shi ne EAAT2, wanda a ɓera ake kira GLT-1. Yana jikin astirosait, ƙwayoyin da ke kewaye da jijiya suna yi mata hidima, kuma shi ke kwashe kusan kashi 90 cikin 100 na gulutamet a gaban ƙwaƙwalwa.

Kwasar ba kyauta ba ce. Duk gulutamet ɗaya yana shiga ne tare da sodiyam 3 da haidurojin 1, fotasiyam 1 kuma ya fita. Ke nan aikin ya rataya a kan famfon sodiyam da fotasiyam, shi kuma ATP, makamashin ƙwaya, yake ci. Shi ya sa idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, EAAT2 kan juya baya ya riƙa amayar da gulutamet waje. Wanda aka kwasa lafiya, astirosait na mayar da shi gulutamin ta miƙa wa jijiya ta sake amfani da shi.

Idan kwasar ta gaza, ƙofofin jikin jijiya masu karɓar saƙon gulutamet, wato NMDA da AMPA, sai su zauna a buɗe, kalsiyam ya cika ƙwaya, mitokondiriya mai samar mata da makamashi ta gaji, ƙwayar ta mutu. Jijiyoyin motsi sun fi saurin faɗuwa domin da yawa daga cikin AMPA ɗinsu suna barin kalsiyam ya wuce, kuma ba su da isassun furotin masu riƙe shi. Jeffrey Rothstein da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna raguwar kwasar a laka da ƙwaƙwalwar masu ALS a 1992, a 1995 kuma suka nuna EAAT2 ne ya ragu.

Mai_Haɗa_Magani:
Malama, abin da kika ce a yi, an gwada. A 2005 aka gano seftiriyazon, allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, yana ƙara yawan GLT-1 a ɓeraye, har ya jinkirta musu cutar. Aka kai shi ga mutane 513, masu karɓar maganin suna shan giram 4 a rana ta jijiyar jini. Sakamakon da aka buga a 2014 bai nuna ya tsawaita rai ko ya rage saurin cutar ba, ga kuma matsalar matsarmama da ya jawo wa wasu. Don Allah kada wani ya ɗora wa majinyaci shi da wannan niyya.

Wanda ake bayarwa shi ne riluzol, tun 1995: miligiram 50 sau biyu a rana, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Yana rage sakin gulutamet ne, kuma abin da yake ƙarawa a matsakaici wata 2 zuwa 3 ne. Ana gwajin hanta duk wata a watanni 3 na farko.

Mai_Nazarin_Laka:
Gaskiya ne Malam. A ganina darasin gwajin nan shi ne raguwar EAAT2 ba lallai ita ce tushe ba. Wani ɓangarenta na biyo bayan ɓarnar da ta riga ta fara, kuma kafin a gano ALS jijiyoyi da yawa sun tafi. An ga irin wannan raguwa a cutar Huntington da ta Alzheimer ma, inda a ta biyun ake ba da memantin don ya ɗan toshe NMDA.

Batun farin magi kuwa, hanji ke cinye mafi yawan gulutamet na abinci, ɗan da ya kai jini kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana tare shi. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata daga gulukos da gulutamin. In za a rage shi a miya, a rage saboda sodiyam da hawan jini.