Wane suna za mu ba "dangling modifier" da "misplaced modifier" a Hausa?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum, malamai. Ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO suna tafka waɗannan kura-kurai biyu a insha'i, kuma bayani da Hausa yana saurin shiga kansu, sai dai babu tsayayyen suna. Ga misalin na farko, wato "misplaced modifier": "He bought a bicycle for his son with new tyres." Sabbin tayoyi na keke ne, amma da yake an ajiye su kusa da "son", sai suka koma na yaro. Na biyu kuma, wato "dangling modifier": "After marking the scripts, the generator went off." A nan janareta ne ya duba takardu, domin malamin da ya yi aikin ba ya cikin jimlar sam. Me kuke gani?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Shi "modifier" ba sai mun ƙirƙira ba. Nahawun Hausa yana da siffatau, wato abin da ke siffanta suna, wanda ake kasa shi gida biyu a yankin suna: siffatan goshi (mai zuwa kafin suna) da siffatan ƙeya (mai zuwa bayansa). Kada mu taɓa mafayyaci (kalmomi irin su "wannan" da "wani"), yana da nasa aikin. Na biyun, ina ganin "siffatau mai reto".

Malam Bala:
Malama, reto bai gaya wa ɗalibi abin da zai gyara ba. Ciwon jimlar shi ne rashin wanda ake siffantawa. Yankin da ya fara da kalma mai "-ing" ko "-ed" ko "to" ba shi da aikau (mai aiki) na kansa, yana aron aikau ɗin babbar ganga (main clause) ne, wato sunan da ya biyo bayan waƙafi. In wanda ya biyo baya ba shi ya yi aikin ba, siffatau ya rasa mai shi. Saboda haka ina ba da shawarar "maraya": siffatau maraya. Ɗalibi yana jin haka ya san abin nema shi ne a kawo masa uba.

Gyaransa hanya biyu ce. Ko a sa mai aikin nan take bayan waƙafi: "After marking the scripts, the teacher heard the generator go off." Ko a mayar da yankin cikakkiyar ganga mai aikau ɗinta: "After the teacher marked the scripts, the generator went off." Matsar da shi ƙarshen jimla ba ya magani, a lura da wannan sosai, domin yawancin ɗalibai abin da suke yi ke nan. Kuma jimlar da aka ɓoye mai aiki a cikinta ita ce babbar mahaifar wannan kuskure: "To pass the exam, past questions must be studied." Wa zai ci jarrabawar? Sai an ce "candidates must study past questions".

Malama Hadiza:
Na karɓi maraya, ya fi nawa. Amma a gaya wa ɗalibai akwai waɗanda Turanci ya yarda da su haka nan, irin su "generally speaking" da "judging from", ba a ƙirga su kuskure. Na farkon fa? Shi mai shi yana nan cikin jimla, wuri ne kawai ya ɓace masa.

Malam Sanusi:
"Ɓataccen siffatau"?

Malam Bala:
Ɓatacce zai iya nufin lalatacce, alhali kalmar lafiyarta ƙalau. "Siffatau mai ɓatan masauki" ya fi kama abin. Gyaransa ɗaya ne: a ɗauke shi a kai kusa da abin da yake siffantawa. "He bought his son a bicycle with new tyres."

Inda ya fi yin ɓarna shi ne ƙananan kalmomi: only, almost, nearly, just, even. "He almost failed every paper" na nufin ya kusa faɗuwa amma ya tsallake duka. "He failed almost every paper" na nufin ya faɗi mafi yawansu. Haka "Only Audu paid the tailor" da "Audu paid only the tailor": a ta farko Audu kaɗai ya biya, a ta biyu tela kaɗai aka biya. Mu muna sa "kaɗai" bayan kalma, Turanci kuwa gabanta yake so a rubutu, shi ya sa ɗalibanmu ke rikicewa.

Malama Hadiza:
To amma "almost" da "only" bayanau (adverb) ne, Malam, ba siffar suna ba.

Malam Bala:
Gaskiya ne. A nan sai mu ce "bayanau mai ɓatan masauki", ƙa'idar ba ta canja ba. Akwai kuma na uku wanda ke tsakiyar kalmomi biyu, ba a san wadda yake bi ba: "Students who read often pass." Karatu ne akai-akai, ko cin jarrabawa? Wannan muna da sunansa tun tuni, jimla mai harshen damo.

Malam Sanusi:
Allah ya saka da alheri. Zan shigar da su takardar darasi haka: siffatau maraya, siffatau mai ɓatan masauki, da mai harshen damo. Malama, in kina da jimloli goma na gwaji, biyar na maraya biyar na ɓatan masauki, ki turo mu haɗa da amsoshinsu.